Daƙiƙa Goma

Ƙarfe huɗu bai cika ba, duhu ya riga ya rufe Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada.
Na kife laftof a kan tawul ɗin kicin
kamar mai shirin feɗe kifi.
Kusoshi bakwai, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba,
na zuba su a murfin kwalbar zuma
kada ɗaya ta gangara ƙarƙashin murhu.

Tun kaka tsohon faifan yake tari.
Ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake.
Meelis mai gyara ya kara kunnensa, ya ce,
"Piret, wannan ba zai ga bazara ba."
Bai san bara wani likita ya faɗa mini haka ba,
kusan kalma da kalma.

Gida ɗaya ne, ɗaki biyu.
Windos nawa ne: kuɗin gari, kuɗin yis,
albashin mutum huɗu a gidan burodi.
Linuks na Valdur ne, babana,
wanda ya rantse ba zai nemi izinin kowa ba
kafin ya kunna abin da ya saya da guminsa.
Can ya tara gauraki na shekara goma sha ɗaya,
ranar saukarsu a fadama, ranar tashinsu,
yawansu, da inda iska ta fito.
In an kunna, baƙin allo kan dakata daƙiƙa goma
yana tambaya, wa ya zo?

Sabon faifan ba nauyi.
Na girgiza shi a kunne, ba abin da ya motsa.
Na haɗa su da waya, tsoho da sabo,
aka shiga kwashe gida tubali bayan tubali.
A kashi sittin da ɗaya layin ya tsaya cak.
Na kwaɓa ƙullin gobe, na wanke hannu,
na dawo, na sake wanke hannun.
Sittin da biyu.

Tsakar dare na mayar da kusoshi, na danna.
Kafin in ja kujera
ga lissafin gari a gabana.
Ba baƙin allo. Ba tambaya.
Inda ƙofar babana take, bango ne sumul.

Ban yi kuka ba. Na buɗe durowarsa,
wadda nake kewayewa tun watan Nuwamba.
Batura matattu, tabarau mai ƙafa ɗaya,
da falash ɗaure da zaren ulu,
an manna masa takarda da rubutunsa mai karkata:
"In ta yi fushi."
A bayan takardar, layi uku.

Na tashi na'urar daga falash ɗin.
Ashe ɗakin na nan, ko cokali bai ɓata ba,
mai tsaron ƙofa ne aka bari a tsohon gida.
Na kwafi layukan da yatsa ɗaya.
Na sa sifili inda ya rubuta harafi, aka ƙi ni.
Na ɗora tabaransa a hancina, na sake.

Goma. Tara. Takwas.
Na sauko da zaɓi zuwa layin ƙasa.

A da, nan ne yakan tashi ya ɗora buta,
ya dawo da shayi, allon bai gama miƙa ba.
Yanzu ƙiftawar ido ce.
Ba gurnani, ba ɗumi a tafin hannu,
saurin bai bar mini lokacin shiryawa ba.

Sha huɗu ga Oktoba.
Ɗari biyu da sha biyu. Iska daga arewa.
A ƙasa ɗan sandan rubutu yana ƙyaftawa
a layin da ba kowa.

Tsohon faifan na naɗe shi a safarsa ta ulu.
Meelis ya ce gauraki kan dawo ƙarshen Maris.
Takalman robarsa sun yi mini yawa,
sai na sa safa biyu.